Inci Goma Sha Tara

Shekara arba'in ina dukan ƙarfe a gindin dutsen Roni,
ban taɓa riƙe abin awo ba.
Ido ne ma'aunina, sai tafin hannu.
Fartanyar da na ƙera wa Mati tun yana da haƙora,
har yau da ita yake zuwa gona.

Sai ga Barira, autata, ta dawo daga Kazaure
da takarda a naɗe,
ta shimfiɗa ta a kan uwar maƙera.
Ta ce, Baba, gida nake so ka yi mini.
Na ce, na wa?
Ta buɗe kwali: 'yan na'urori huɗu,
kowace ba ta wuce sabulun wanki ba,
masu cafko tashoshi daga iska
su raba wa ɗakunan gidan nan.

Da can a ƙasa suke kwana, bayan randa,
kowace da cajarta, kowace da wutsiyarta,
wayoyi sun sarƙe kamar yaɗon kabewa.
Ɓera ya ci biyu da damina.
Akuya ta ja ɗaya har bakin zaure
ana tsakiyar labarai.

Yanzu, in ji ta, igiya ɗaya ta ishi kowace.
Ta fere bakin wata shuɗiyar waya ta nuna mini:
jijiya takwas, an murɗe su bibbiyu kamar tufkar rama.
Ta nan wuta za ta shiga, ta nan hoto zai fita.
Na ce, hanya ɗaya?
Ta ce, Baba, jakin da ya kai taki gona
ai shi ke dawowa da dami.

Faɗinsa inci goma sha tara, kar ya ƙaru, kar ya ragu.
Na yi dariya, na auna ɗani biyu da yatsu uku,
na yanke ƙarfen tsohon gado,
na lanƙwasa langa-langa, na huda, na ɗaure.
Kwana biyu, ya tsaya ƙyam da ƙafafunsa.
Ta zura farantin farko, ya shiga.
Ta ɗauko noti, sai ramin ya kauce
da kaurin ƙwayar gero biyu.

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe.
Sannan a hankali: Baba, sai an sake.

Rabon da a faɗa mini haka
tun ina yaro a bakin zuga-zugin mahaifina.
Na tashi na tafi masallaci, alhali la'asar da saura.
Da na dawo, tef ɗinta na nan a kan kututture,
ita kuwa ta shige ciki.
Na ja harshensa, ya koma da gudu ya cije mini yatsa.

Na biyun ya zauna daram.
Na huda masa ramukan iska sittin da uku a baya,
don ta ce zafi ne ajalinsu.
Ta ɗaura 'yar fanka, ta jera su hawa-hawa,
ta janyo wutar da farantin rana ya tara a batir.
Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ta cusa kawunan waya.
Uku suka buɗe koren ido kamar kyanwa a rumbu.
Ta huɗu ta ƙi.
Gabana ya faɗi: ko ƙirata ce?
Ta datse kan wayar, ta ƙura wa jijiyoyin ido.
Ta ce, na sa kore a gurbin ruwan lemo.
Sai an sake.
Ba ta dube ni ba, amma na ga kumatunta suna motsi.

Yanzu da dare Inna Dela na jin tafsiri a ɗakinta,
samari a zaure suna ihun ƙwallo.
Ni ba na kallo, idona ya sha hayaƙin gawayi.
Nakan zauna kusa da akwatin
in kara tafin hannu a bayansa,
iska mai ɗumi na fitowa ta ramukan da na huda
kamar numfashin ɗan maraƙi.

Jiya Mati ya zo a ƙera masa lauje.
Na jira sai da ya juya yana gaisawa da mai wucewa,
na zaro tef daga aljihu.